Malamin jami'a zai iya haɗa koyarwa da ƙirƙirar wasanni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Gusau, ina karanta ilimin halayyar ɗan Adam, burina in kai farfesa. Amma raina yana kan ƙirƙirar wasanni irin su dara da lido. Za su haɗu kuwa, ko taura biyu ce?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Suna haɗuwa, amma ka san wanda ke riƙe da wani. A jami'o'inmu ƙarin girma yana zuwa ne ta digirin digirgir, da koyarwa, da takardun bincike da ka wallafa. Wasan da ka sayar a kasuwa ba zai ɗaga ka ko mataki ɗaya ba, sai in ka mai da shi abin bincike: ka ba aji ɗaya wasan, wani ajin darasin da aka saba, ka gwada su kafin da bayan, ka rubuta sakamakon.

Wajen ƙirar, kada ka fara da maɗaba'a. Kwali, alƙalamin maka, da murafun lemo sun isa. Dubi dara, wadda Dakarkarin Zuru suka shahara da ita: gurbi 30, 'ya'ya 12 kowane ɓangare, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin wasa. Dokokin ba su taka kara sun karya ba, amma dattawa na wuni a kanta. A nan karatunka zai yi maka rana. Tun 1956 masanin halayyar ɗan Adam George Miller ya nuna cewa abin da mutum ke iya riƙewa a ka lokaci guda bai wuce bakwai ko kusa da haka ba, binciken baya ma ya rage shi zuwa wajen huɗu. Dokokin da suka cika shafi biyu, yara za su watse kafin a fara.

Ka miƙa wa mutum huɗu da ba su san wasan ba, ka koma gefe ka kame bakinka. Duk inda suka tsaya gardama, dokar ce ba ta fito ba. Riƙa rubuta wanda ya ci. In mai farawa ne ke ci kusan kullum, a rage masa wani abu. Babbar cutar sabon wasa ita ce wanda ya yi gaba tun farko ya yi ta ƙara nisa, sauran su sare. Maganinta a bar wa na baya ƙofar kamowa, kuma kada a fitar da kowa ya zauna kallo.

Sai maganar wurinmu. A Zamfara iyaye da malamai da yawa ba sa son wasan da ake jefa ƙwaya mai ɗigo-ɗigo irin ta lido, balle abin da ya yi kama da caca. Ka sa dabara ta rinjayi sa'a, kuma kada kuɗi su shigo ciki. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun dokokinka da zanenka, ba ta kare dabarar wasan kanta, don haka sunan ne ya kamata ka yi wa rajista.