Hukuncin kallon tsofaffin finafinan gidajen fatalwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Tun ina makaranta nake son tsofaffin finafinan ban tsoro na Turawa, na shekarun 1960 zuwa 1980, irin waɗanda iyali za su tare a tsohon gida sai fatalwar wanda aka kashe a ciki ta hana su sakat. Na zaɓe su ne don ba su cika tsiraici ba. Wata huɗu ke nan da muka tare a gidan haya, daga baya na ji cewa tsohuwa mai gidan a ɗakin da muke kwana ta rasu. Yanzu da fitila a kunne nake barci, kuma in na farka da Asuba ba na iya fita tsakar gida alwala sai gari ya waye. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce kada in yi mamaki, ai Imamu Malik ma ya ce rai sakakke ne, yana zuwa inda ya so. Mene ne hukuncin kallon? Kuma shin mu tashi daga gidan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yaye maka wannan tsoro.

Da a zancen fim kaɗai ka tsaya, da na ce maka wasa ne da ɓata lokaci, barinsa ya fi, kuma yana haramta idan da tsiraici ko koyar da tsafi a ciki. Wannan babu mai jayayya a kai. Amma ka faɗi wata magana a tsakiyar tambayarka ka wuce ta da sauri, alhali ita ce ta sauya hukuncin: ba ka alwala sai gari ya waye. Ga buta, ga ruwa, taku goma ne tsakaninka da su, kana kwance idonka biyu kana jin ladan, har a idar da jam'i, wataƙila ma rana ta fito. Abin da ya kai mutum ga tozarta farilla haramun ne a kansa. Saboda haka a gare ka kallon nan ya haramta, ka daina daga yau, ka goge su daga wayarka.

Kada kuma ƙarancin tsiraicin ya ruɗe ka. Illar waɗannan finafinai tana cikin aƙidar da aka gina su a kanta: cewa ran wanda aka zalunta yana maƙalewa a gida, yana buga ƙyaure, yana kashe fitila, har sai an ɗaukar masa fansa ko an tono ƙasusuwansa. Larabawan jahiliyya suna da irin wannan, suna kiranta "hama". Malamai da yawa sun fassara ta da cewa ran wanda aka kashe yana zama tsuntsu kamar mujiya, yana kuka a kan kabarinsa sai an rama masa. Manzon Allah (SAW) ya rushe wannan da kalma biyu: babu hama. Wanda ya gaskata da dawowar matattu ya taɓa aƙidarsa. Wanda yake kallo yana ƙaryatawa ban kafirta shi ba, amma ga shi kai ma da ƙaryatawa ka fara, yau kana tsoron tsakar gidanka.

Maganar abokinka kuwa sai na tsaya a kanta, domin ya jingina ta ga babban limami, kuma irinta ce ke shiga zuciya. Gaskiya ne an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya ce labari ya iso masa rai sakakke ne yana tafiya inda ya so. To amma ka lura da lafazin: "labari ya iso mini" ya ce. Bai ɗaukaka maganar zuwa ga Annabi (SAW) ba, bai ambaci wanda ya faɗa masa ba. Sannan malaman da suka kawo ta, a babin inda rayuka suke zama a barzahu suka kawo ta, tare da masu cewa suna Aljanna da masu cewa suna farfajiyar kaburbura. Duk saɓaninsu a cikin barzahu yake yawo. Babu ɗayansu da ya fito da rai zuwa ɗakin haya yana motsa labule. Allah ya ce a Suratul Muminun, bayan mamaci ya roƙi a mayar da shi, akwai shamaki a gabansu har ranar tashi. Mahaifin sahabi Jabir, wanda ya yi shahada a Uhudu, ya roƙi Allah ya komo da shi duniya don a sake kashe shi a tafarkinsa, aka ce masa hukunci ya riga ya gabata, ba a komowa. Shahidi da wannan kyakkyawar niyya bai samu izini ba, sai tsohuwa mai gidanku? Ganin mamaci a mafarki daban ne, yana faruwa, ba shi muke magana ba. Ka gaya wa abokinka cikin ladabi ya koma ya karanta babin tun daga farkonsa.

Ko fim ɗin da aka yi ta tallata shi da sunan labarin gaskiya, na gidan Amityville a jihar New York wanda ya fito a 1979, kisan ne kawai tabbatacce: wani saurayi ya harbe iyayensa da ƙannensa huɗu a 1974. Iyalin da suka tare bayan kisan, suka ce fatalwa ta kore su, kwana 28 suka yi a gidan. Waɗanda suka saye shi bayansu sun zauna shekaru, abin da ya dame su shi ne 'yan kallo da ke cika musu ƙofa.

Aljanu kam akwai su, wasunsu ma mazauna gidaje ne kamar yadda ya tabbata a hadisin Abu Sa'id a Sahihu Muslim. Sai dai tsoronsu ƙara musu girman kai yake yi a kan ɗan Adam. Kuma yawancin motsin da ake ji da dare ɓera ne a silin, ko kwanon rufi yana saki bayan zafin rana.

Ba na ganin ku tashi. Wane tsohon gida ne ba a taɓa mutuwa a ciki ba? Tsohuwar nan Musulma ce da ta riga mu gidan gaskiya, addu'arka take buƙata, ka nema mata gafara duk lokacin da ta faɗo maka a rai. Ka karanta Baƙara a ɗakin da kanka, ka riƙe Ayatul Kursiyyu da azkar ɗin barci. Ka ɗebi ruwan alwala ka ajiye a bakin ƙofa tun da dare har zuciyarka ta dawo, sallolin da suka fita lokaci kuma ka rama ka yi istigfari. Kada ka kira mai hayaƙi ko mai binne laya, zai tabbatar maka da abin da kake tsoro ne ya karɓi kuɗinka. Kada ka ba iyalinka wannan labari da sigar tsoratarwa, kada ka kunna wa yara irin wannan fim, domin bai halatta a firgita Musulmi ba. Idan ka yi wata guda da daina kallo amma rashin barci da faɗuwar gaba ba su ragu ba, ka je asibiti ka ga likita.

Allah ne mafi sani.