Tambaya da Amsa: Zanen Katanga da Tsoron Tonon Asiri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malama. Ina ɗauke da ƙwayar cutar da ke karya garkuwar jiki, kuma ina shan magani a kan kari. Ƙungiyarmu ta masu ɗauke da cutar ta shirya yin zane a wata katanga albarkacin ranar 1 ga Disamba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, amma ina tsoron maƙwabta su gan ni da burushi su gane halin da nake ciki. Wasu kuma sun ce ba za su haɗa bokitin fenti da mu ba. Ina mafita? Daga wata mai karatu, Agege, Legas.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Masu gudun bokiti sun jahilci lamarin, domin ƙwayar tana yaɗuwa ne ta jini, da saduwa, da kuma daga uwa zuwa jariri. Ba ta bin gumi ko musafaha, balle burushi.

Tsoronki kuwa yana da tushe. Dokar tarayya ta 2014 ta haramta nuna wariya ga masu ɗauke da cutar, amma doka ba ta rufe bakin masu tsegumi a bakin famfo, musamman a unguwar da kowa ya san gidan kowa. Saboda haka kada ƙungiyarku ta fito ita kaɗai. Ku nemi goyon bayan Sarkin Hausawa da limamin unguwa, ku gayyato matasa da ɗalibai da ma'aikatan lafiya, ta yadda duk wanda ya zo wucewa zai ga jama'ar unguwa ce ke aiki, ba zai iya nuna kowa da yatsa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta masu ɗauke da cutar a Najeriya sun kai miliyan 1.9, don haka saƙon na kowa ne.

A ganina, ku bar zanen fuskoki, domin yana iya tona asirin wani, kuma malamai da dama ba sa son hoton mai rai. Zayyana irin ta gidajen Kano da Zariya, da dagin Arewa, da jan ƙyallen nan mai alamta goyon baya ga masu ɗauke da cutar, wanda aka fara amfani da shi a Amurka a 1991, sun wadatar, sannan a rubuta kira zuwa gwaji da Hausa, boko da ajami, da kuma Yarabanci. Ku nemi izinin mai katanga da ƙaramar hukuma tun da wuri, ku kuma yi yarjejeniya cewa ba za a ɗauki hoton kowa da waya ba sai da yardarsa. Idan duk da haka zuciyarki ba ta natsu ba, kina iya zaɓar launuka da tsara zanen a takarda daga gida.