Amsa: Ko mai koyon fatsa ya sayi na'urar gano kifi?

Ɗan'uwa, ka ce ka fara fatsa a bakin Kogin Kaduna, kana tambaya ko ka sayi sona, na'urar nan mai nuna kifi. Ni dai a ganina, riƙe kuɗinka tukuna.

Aikinta shi ne ta aika sauti ƙasan ruwa, amon ya dawo, sai ta zana maka zurfi da abin da ke tsakani. To a ruwa marar zurfi, irin na rani da duwatsu ke leƙowa, ɗan fili kaɗan take gani a ƙarƙashinta. Tarwaɗa kuwa kwanciya take a laka, da wuya sabon hannu ya bambanta ta da ƙasa a allon. Da damina ruwa na gudu da shara da itatuwa, allon ya cika da tabo, ka ɗauka kifi ne. Ga cajin batiri, ka san halin wutarmu.

Inda take biyan kuɗinta shi ne dam, kamar Kangimi, kana cikin kwale-kwale kana neman rami mai zurfi.

Yanzu dai nemi ƙugiya mai kyau, zare mai ƙarfi, abincin kifi irin su tana da gara, ka bi tsofaffin masunta da asuba ka ga inda suke jefawa. Wane gefen kogin kake zuwa ne, Kabala ko Malali?