Baƙin Dare a Garkar Bayan Gida

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, ina zaune a wani ƙauye da ke kusa da Wurno. Ina da 'yar garka a bayan gida wadda nake bai wa ruwan rijiya, na shuka tattasai da kuɓewa da sure da ɗan kudaku. Tun da bazara ta kama, kusan kullum sai na wayi gari na tarar an yi mini ɓarna, an datse ƙananan tsirrai, an tone kudaku, har ƙwan kajina ya fara ɓacewa. Jikokina sun ce sun ga bushiya, ni kuma na taɓa jin kukan mujiya a kan darbejiya. Maƙwabcina ya ce in zuba shinkafar ɓera kowa ya huta. Mene ne shawararku?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya albarkaci wannan garka. Abin da ya janyo maka waɗannan baƙi shi ne ruwa da sanyin ƙasa. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, ciyawar daji ta ƙone, kududdufai su ƙafe, ba abin da ya rage da danshi sai fadamun gulbin Rima da irin garkarka, saboda haka duk wata 'yar dabba da ke kewayenka ta san inda kake zuba guga da yamma. Sai dai ba dukansu ne ɓarayi ba, kuma kafin a yanke hukunci ya kamata a san wanda ya yi laifin.

Hanyar ganewa ba ta da tsada. Bayan sallar magariba ka sami toka ko lallausan rairayi ka barbaɗa a bakin darni da tsakanin kunyoyi, ka lailaye shi da tsintsiya, sa'an nan ka koma da asuba kafin kaji su fito su tattake. Idan ka ga sawu irin na ɓera amma manya, da jan wutsiya a tsakiya, ga rami da tulin sabuwar ƙasa a gindin shinge, to gafiya ce, kuma ita nake zargi da tonon kudakunka, domin takan cika kumatunta da abinci ta kai rami ta ajiye. Idan tsirran an datse su ne a karkace kamar da reza, ga kashi ƙanana masu kama da na awaki a gefe, aikin zomo ne. Kurege ba ya jiran dare, da hantsi yake zuwa, za ka iya ganinsa da idonka ya tsaya da ƙafafun baya yana leƙe. Shi kuwa mai shan ƙwai, in ka ga shatar farata masu tsawo da layin wutsiya yana lanƙwasa a tsakaninsu, guza ne ya biyo danshi daga fadama, ko da yake tunku ma ba a wanke shi daga wannan zargi ba.

Bushiya da mujiya kuwa, waɗanda su aka gani har aka fara zarginsu, ma'aikatanka ne da ba ka biyan su ko sisi. Abincin bushiya ƙwari ne da tsutsotsi da gyare, har kunama takan ci, kuma in ka duba kashinta za ka ga ɓurɓushin fukafukan ƙwari suna ƙyalli a ciki. Na san yadda mutanenmu suke ɗaukar mujiya, da zarar ta yi kuka a kan gida sai a fara salati, amma abin da ya kawo ta darbejiyarka ɓeraye ne, kuma ba kyanwar da za ta kama ƙafarta wajen kama su, musamman idan tana ciyar da 'ya'ya.

Wannan ne ya sa ban goyi bayan shawarar maƙwabcinka ba. Guba ba ta tambayar sunan mai ci. Kajinka ne za su fara tsattsage ta, ɓeran da ya ci ya fito yana tangaɗi mujiya ko kyanwa ta ɗauke shi ita ma ta kamu, ga kuma jikoki da ke wasa a wurin. A ƙarshe ka rasa masu kama ɓerayen, su kuwa ɓeraye saurin haihuwarsu ya isa su cike gurbi cikin 'yan watanni. Ba kuwa abin wasa ba ne ɓera ya yawaita a gida da rani, domin zazzaɓin Lassa, wanda aka fara gano shi a 1969 a garin Lassa na jihar Barno ta yanzu, ta fitsari da kashin wani ƙaramin ɓera mai nonuwa da yawa yake shiga abinci.

Abin da ya fi shi ne ka toshe ƙasan darnin. Ka sayi wayar raga irin ta kejin kaji, ka binne gindinta kamar taƙi ɗaya ko biyu a ƙasa, ka jera ƙayar bagaruwa ta waje, wannan ya isa ya sallami zomo. Gafiya sai tarko, a ɗana shi a bakin raminta da ɗan ƙulli na gyaɗa, a kife masa tsohon kwando mai ƙofa don kada kaza ta faɗa. Akurki kuma a ɗaga shi daga ƙasa, a riƙa kwashe ƙwai kafin rana ta faɗi. In hali ya yi, ka mai da ban ruwa da sassafe maimakon yamma, don kada ƙasa ta kwana da laima.

Akwai baƙon da ba ka ambata ba, kuma shi ya fi damuna. Inda ɓera da kwaɗo suka taru maciji ba ya nisa, kububuwa kuwa ita ce ta fi kowane maciji kashe manoma a arewacin ƙasar nan. Gajeriya ce, launinta ya saje da ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa har ya riƙa fita ta dasashi. Ka janye tulin kara da itace daga jikin garka, ka hana yara zura hannu cikin ramin gafiya, kuma kada kowa ya shiga da dare ba takalmi da tocila. Idan tsautsayi ya faɗa, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya. A cire zobe ko awarwaro, a hana ƙafar ko hannun motsi, a garzaya asibitin da ke da allurar kashe dafi ko da wanda aka sara ya ce ba ya jin komai, domin zubar jinin takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana.