V-Strom 650 ko Versys 650: wanne zai jure hanyar Garwa zuwa Kusseri?

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Garwa, ina yawan zuwa Ngaundere, wani lokacin kuma Marwa har Kusseri. An yi mini tallan babura biyu na hannu, Suzuki V-Strom 650 da Kawasaki Versys 650, kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, a takarda kusan tagwaye ne. Injin V-Strom cc 645 ne, na Versys 649, kowanne silinda biyu, giya shida, lagireto da sarƙa. Nauyinsu ya ɗan haura kilo 210. Tankin V-Strom na shekarun baya-bayan nan lita 20 yake ci, na Versys daga 2015 lita 21, don haka kowannensu zai kai ka Ngaundere, kilomita kusan 280, ba ka tsaya shan mai ba.

Duƙa ka dubi tayar gaba, nan bambancin yake. Ta V-Strom inci 19 ce, ta Versys 17. Babbar taya tana haye rami, ƙarama kuwa faɗawa take yi, ka ji dukan har kafaɗa. A kwalta mai kyau, kamar kwanonin hawan dutsen nan kafin Ngaundere, Versys ya fi saurin juyawa, yana da daɗin hannu ƙwarai. Amma da zarar ka wuce Mora ka nufi Waza da Dabanga, inda kwalta ta farfashe, rairayi da rani, laka da damina, taya 17 za ta riƙa rawa tana neman ƙwace maka kai. Samun tayar da ta dace da turɓaya ma ya fi sauƙi a inci 19. In V-Strom ɗin samfurin XT ne, mai ƙafafun wayoyi irin na keke, to ka dace, domin sun fi jure duka ba su tsage ba.

Ni V-Strom zan ba ka, ba na ko shakka.

Sai dai abin da ke kashe irin waɗannan babura a nan shi ne mai. Dukansu injekta ne, ba kafireto ba, kuma zuwa-zuwa, wato fetur ɗin da ake sayarwa cikin kwalba a bakin titi, yakan zo da ruwa da datti. Yana toshe matatar famfon mai da ke cikin tanki, babur ya fara shaƙewa in ka ja wuta. In dole ta sa ka saya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta. Lokacin hunturu kuma ka riƙa duba matatar iska akai-akai.

Kafin ka biya, ka bar injin yana aiki a tsaye har fankar lagireto ta tashi da kanta, don zafin Maris da Afrilu yana wuce digiri 40. Ka gwada lambar jikin babur da ta kart giriz (takardar rajistar babur) da takardun kwastan. Sarƙa, takalmin birki da matatar mai kuwa, ka sa a kawo maka daga Duwala ko Kano tun yanzu ka ajiye, don ba kowane shagon kayan babur ne zai samo maka su ba.