Jasikevicius: ɗan wasa ya fi, ko mai horarwa?

Malam, ka tambaya ko Sarunas Jasikevicius ɗan ƙasar Lituwaniya ya yi abin kirki a aikin horarwa kamar yadda ya yi a fagen ƙwallon kwando. Ya yi, sai dai ya sha jira.

Yana ɗan wasa ya ɗauki kofin EuroLeague, wato gasar manyan ƙungiyoyin Turai, sau huɗu: da Barcelona a 2003, da Maccabi Tel Aviv a 2004 da 2005, sannan da Panathinaikos a 2009. A gasar Olamfik ta 2004 ya zura wa Amurka maki 28, Lituwaniya ta yi nasara. Zamansa a NBA, gasar ƙwallon kwando ta Amurka, ne kawai bai yi armashi ba.

Da ya karɓi ragamar horar da ƙungiyar Zalgiris ta garinsu Kaunas a 2016, ya kai ta matsayi na uku a Turai a 2018, alhali kuɗinta bai kama ƙafar na manyan ƙungiyoyi ba. Ni a ganina wannan ne aikinsa mafi burgewa. Da ya koma horar da Barcelona, kofin Turai ya ƙi zuwa har ya bar ta a 2023. Sai a 2025 ya ɗaga shi da Fenerbahce ta Turkiyya, bayan sun doke Monaco a Abu Dabi.