Iskar kabon da aka binne za ta iya ɓata ruwan rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayata tana aure kusa da garin Decatur na jihar Illinois a Amurka, inda ake binne iskar kabon a ƙarƙashin ƙasa, kuma ruwan rijiyar burtsatse suke sha. Tun da aka ce an samu yoyo a can a 2024 hankalina bai kwanta ba, amma mijinta ya ce ai iskar lemon kwalba ce. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Yoyon 2024 ya biyo ta wata rijiyar sa-ido, wato wadda aka haƙa don lura da iskar da aka binne, da tsatsa ta ci bututunta, a zurfin kusan mita 1,500, can ƙasa da inda ruwan sha yake. Ki kwantar da hankalinki ta wannan fuska.

Amma maganar mijin nata ita ce ta gundure ni, domin kullum sai na ji ta, har daga bakin masu takardun shaida. Gaskiya ne iskar ɗaya ce, sai dai lemo a kwalba yake zaune, shi kuwa ruwan ƙasa a cikin dutse da yashi yake kwance shekara da shekaru. Idan iskar ta narke a cikinsa sai ya yi tsami, tsamin nan kuma shi ke iya sako dalma da asenik (wani sinadari mai guba) da suka daɗe a manne jikin dutsen. Ga kuma ruwan gishiri na can ƙasa, wanda matsin iskar ke iya turowa sama ta tsofaffin rijiyoyin da simintinsu ya tsage. Dalma ba ta da wari, ba ta sauya launin ruwa. Za ki ɗebo shi garau a kofi, ki ɗaga shi a rana ba ki ga ko ƙwayar datti ba, alhali yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro a hankali. Masu yawo da ƙaramar na'ura suna tsoma ta a kofi su ce ruwa lafiya lau, su ma haushi suke ba ni, don jimillar gishiri kawai take aunawa.

Ko a garin In Salah na Aljeriya, inda aka yi irin wannan aikin binne iskar kabon, tauraron ɗan'adam ne ya nuna ƙasa tana ɗan kumbura kafin a dakatar da aikin a 2011.

Ki ce wa yayarki ta kai ruwan ɗakin gwaji mai lasisi, a auna tsaminsa da gishiri da dalma da asenik, ta adana takardar, ta maimaita duk shekara don ta samu abin kwatantawa. Ta kuma bincika ko akwai tsohuwar rijiyar mai ko ta gas a kusa da gidansu.